Baba Sito da Kakar Bokiti

Baba Sito ba shi ne sunansa na gaskiya ba, amma in ka kira shi da na gaskiyar ko waiwayowa ba zai yi ba. Matarsa ma sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Yana ɗan shekara goma sha tara ya zo wucewa ta gaban shagon, Mai Shago ya ce masa, "Kai, kama min kwalin nan mu shigar." Ya kama. Kwalin na sito ne, suka kai shi can, kuma a can mutumin ya yi shekara talatin da takwas.

Shagon irin wanda ake cewa babu abin da babu ne. Akwai bokiti, akwai ƙusa, akwai kofin shayi da tarkon ɓera da jan baki da shebur, har da fidar jariri. Siton yana baya, dogon ɗaki mai taga ɗaya, yana warin sabulu da roba da tsohon kwali. Baba Sito ya tsara shi da irin nasa ilimin, kashi uku. Abin da ɓera ke ci yana sama. Abin da ɓera ba ya ci yana ƙasa. Abin da ɓera ba ya ci amma yake lalatawa don tsabar mugunta, wannan yana cikin durom mai murfi. Ko ido a rufe ka tambaye shi zare mai ruwan toka, zai miƙa hannu ya ɗauko maka. A ƙugunsa akwai makullai goma sha huɗu, uku ne kacal ke buɗe wani abu. Sauran an daɗe da zubar da kwaɗunansu, amma ya ce ba zai yar da su ba tunda ba su yi laifin komai ba.

Da Mai Shago ya rasu ya bar 'ya'ya biyu. Babbar ita ce Manaja, wadda ta samu sunan tun tana shekara shida saboda tana sa masu sayayya su yi layi. Ƙaramin shi ne Auta, shekararsa talatin da huɗu, ga gemu har ƙirji, amma Auta dai ake ce masa. Duka biyun a kafaɗar Baba Sito suka girma. Bayan rasuwar suka yi wata bakwai suna faɗa a kan komai: ƙarfe nawa za a buɗe, wace tasha za a kama a rediyo, ina fanka za ta kalla. Daga ƙarshe suka yarda da abu ɗaya tak, wato a raba shagon. Za a ja katanga a tsakiya, a yi ƙofa biyu. Manaja ta ɗauki kayan gida, Auta ya ɗauki kayan aiki. Aka kira birkila, ya kawo bulo da siminti ya jibge a bakin shago, ya ce ranar da aka gama raba kaya ranar zai fara gini.

To, shi fa Baba Sito ina zai faɗa? Abin da ya hana shi jin daɗin abinci ke nan. Ya san yaran nan sarai. In katangar ta tashi, kowa zai ce nasa ne, za su yi ta tayar da jijiyar wuya, sannan su juyo su ce, "Baba, kai ka zaɓa." Shi kuwa ya gwammace a cire masa haƙori da filaya da ya buɗe baki ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

Wata safiya Manaja ta shigo sito da kwamfuta a hammata, ta kifa kwali ta ɗora ta a kai, ta buɗe masa wani farin shafi mai gida-gida kamar takardar lissafin 'yan makaranta.

"Baba, wannan shi ne jadawali. Kowane kaya layinsa ɗaya. Gidan farko babban rukuni, na biyu ƙaramin rukuni, na uku sunan kayan."

Ya kalli shafin, ya kalle ta. Ta sake bayani. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Sai a karo na uku ta ja numfashi ta ce, "Baba, kowane kaya sai an rubuta uwarsa da kakarsa."

"To haka za ki ce tun farko!"

Nan take ya gane, har ya fi ta ganewa. Cokali, uwarsa kayan cin abinci, kakarsa kayan gida. Guduma, uwarta kayan kafinta, kakarta kayan aiki. Kakanni biyu ne a duk shafin, ta Manaja da ta Auta, kuma an ɗaure gidan kakar ta yadda in ka rubuta wani abu daban kwamfutar za ta yi ƙara ta ƙi karɓa. Ya gwada rubuta "duka biyu", ta yi masa tsawa. Ya gwada "Allah masani", ta sake yi masa tsawa. Duk gidan da ba a cike ba ja yake zama. Manaja ta ce ranar da ja ya ƙare a shafin, ranar birkila zai fara gini.

Da yatsa ɗaya yake bugawa, manuniya ta dama, kuma sai ya lashe ta tukuna kamar mai buɗe shafin littafi. Manaja ta hana, ya daina in tana wurin. Makon farko lafiya lau aka yi, layi ɗari shida ba gardama. Sai aka zo kan bokiti.

"Kayan gida ne," in ji Manaja. "Da me ake wanka?"

"Kayan aiki ne, Yaya," in ji Auta. "Da me ake kwaɓa siminti?"

Aka leƙa waje aka tambayi birkila. Ya ce shi gaskiya da bokiti ɗaya yake yin duka biyun. Aka kore shi. Bayan yini guda aka yi sulhu: na roba wajen Manaja, na ƙarfe wajen Auta. Baba Sito ya shiga ciki don ya ƙirgo, sai ya fito riƙe da bokitin roba mai hannun ƙarfe, ya ajiye a tsakaninsu. Irinsa arba'in ne a sito.

Kwana uku aka kwashe a kan bokitin nan. Manaja ta yi kuka, Auta ya rantse ya ƙara rantsewa, wata ƙanwar mahaifiyarsu ta zo sasantawa ta tafi da ciwon kai. Rana ta huɗu aka ɗauko filaya aka cire wa bokiti arba'in hannuwa. Jikin ya tafi wajen Manaja, hannuwan wajen Auta. Baba Sito ya zauna ya buga da yatsarsa ɗaya: hannun bokiti, uwarsa lanƙwasasshiyar waya, kakarsa kayan aiki. Matar da ta fara sayen bokitin rungume shi ta yi kamar jariri, ta tafi tana waiwayen shagon.

Daga nan kuwa hanya ta buɗe. Tocila ta tafi wajen Auta, batirinta wajen Manaja. Kwaɗo ya tafi wajen Manaja saboda gida ake kullewa, makullinsa wajen Auta saboda shi ke yin aikin. Igiyar da ba ta kai taku goma ba ta shanya ce, wadda ta wuce ta ɗaure kaya ce, wadda ta yi goma cif aka sa mata almakashi. Tarkon ɓera kuwa mako guda ya ci, don Auta ya ce ba abin da ya kai shi aiki a shagon, Manaja ta ce ta taɓa ganin ɓera a gida amma ba ta taɓa ganin ɓera a wurin gini ba. Birkila ya leƙo ya ce shi ya gani. Aka sake korar shi.

Ana cikin rikicin tarkon ne dabara ta faɗo wa Baba Sito. Muddin akwai ja a shafin nan, babu katanga. Muddin babu katanga, babu mai ce masa ya zaɓa. To me zai hana ja ya yi ta haihuwa?

Sai ya shiga ƙirƙiro zuri'a. A da ƙusa layinta ɗaya. Yanzu ta samu 'ya'ya, mai inci ɗaya da mai biyu da mai uku. 'Ya'yan suka samu nasu 'ya'yan, mai kai da marar kai. Jikokin ma suka hayayyafa, aka samu miƙaƙƙiya, da wadda ta lanƙwashe a mota, da wadda ta lanƙwashe a sito. Ya yi ta ƙara gidaje ta hannun dama har shafin ya fita daga fuskar kwamfuta, sai an ja an ja kafin a ga tattaɓa kunnen ƙusa. Kowane sabon layi kuma yana neman kaka. In ya ga faɗan ya fara lafawa, sai ya yi fuskar tausayi ya jefa tambaya kamar bai san komai ba.

"Ni dai ina son in fahimta ne. Ƙusar da ake rataya hoto da ita a falo, aiki take yi ko zaman gida take?"

Kwana biyu ke nan ya samu a ɓagas. Washegari ya tambaya ko tabarmar da mai gadi ke kwana a kai hutawa ce ko aiki, ya samu uku.

Shi kuwa birkila kullum da sassafe yana kan bulonsa, da kofin shayi a hannu. Buhun siminti uku suka daskare a gefensa suka zama duwatsu, ya mayar da ɗaya matashin baya. Ya san masu sayayya ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarsu jikin yara. Wasu sun ɗauka sabon mai gadi ne, har suna ba shi ajiyar keke.

A gida, ranar hutu, Baba Sito yakan tsaya gaban madubin kabad yana bitar jawabin da zai yi in ranar ta zo duk da haka. Matarsa tana zaune tana cire wa tsohuwar riga maɓallai, tana jinsa.

"Ku duka biyu a kafaɗar nan kuka girma," yake cewa, yana dafa su ɗaya bayan ɗaya. "Ta dama ba ta fi ta hagu ba. Kada ku sa ni a tsakiya, don girman Allah."

"Malam, ka ƙara da hawaye a wajen 'ta hagu'," in ji ta. "Wurin ya yi fayau."

"Ke ba ki san girman abin ba."

"Na sani mana. In sun kasa shiryawa sai su kawo filaya, ɗaya ya ɗauki gangar jiki, ɗaya ya ɗauki hannuwa. Ni dai a dawo min da hular, sabuwa ce."

Ya yi tsaki ya juya wa madubi. Amma a faɗi gaskiya, tsoron nan nasa da ɗan daɗi a ciki. Yakan lissafa a ransa cewa in tarkon ɓera ya ci mako guda, shi ai sai ya ci wata, wataƙila har da ƙanwar mahaifiyarsu da ciwon kanta. Yana jin kunyar wannan tunani, kuma yana yin sa kullum.

A wata na huɗu ya tafka kuskuren da ya canza komai. Zare yake nema a cikin layi dubu huɗu, sai ya tuna akwai maɓallin da ke jera sunaye bi da bi. Ya haskaka gidajen sunaye kaɗai, ya danna. Sunayen suka tashi suka yi layi kamar sojoji, iyaye da kakanni suka tsaya inda suke. Cikin ƙiftawar ido kowane kaya a shagon ya wayi gari a gidan da ba nasu ba.

Manaja ce ta fara gani. Ta yi kicin-kicin da fuska, ta kira Auta, ta shiga karantawa da ƙarfi don Baba ya ji irin ɓarnar da ya yi.

"Fidar jariri, uwarta maganin ƙwari. Shebur, uwarsa kayan kwalliya. Jan baki, uwarsa kayan kafinta. Gatari..." Ta tsaya. "Gatari, uwarsa kayan wasan yara."

Auta ya toshe baki, dariyar ta fito ta hanci. Manaja ta harare shi, ta koma kan shafin, ta ga zarto a ƙarƙashin kayan gyaran gashi, sai ita ma ta fashe. Suka yi ta dariya har ta zauna a kan kwalin sabulu tana riƙe da kafaɗar ƙanenta, shi kuma yana dukan durom. Tun da mahaifinsu ya rasu Baba Sito bai ga hannun ɗayansu a jikin ɗaya ba. Ya tsaya a gefe, ya juya yana gyara kwalin da ba abin da ya same shi. Da suka gama share hawaye Manaja ta danna maɓalli biyu, komai ya koma gidan uwarsa.

Kaico, Baba Sito! Shi sai ya ɗauka ya gano magani. Bayan kwana huɗu ya sake yi da gangan, ya kira su yana murmushi tun kafin su iso. Ba wanda ya yi dariya. Manaja ta danna maɓallanta biyu ta fita. Ya ce a ransa maganin ne ya yi kaɗan, don haka a karo na uku ya hargitsa iyayen ma, ya adana aikin, ya kashe kwamfutar, ya kunna, yadda maɓallan nan biyu ba za su iya komai ba. Mako biyu aka yi ana mayar da kaya wajen iyayensu layi bayan layi, Manaja a damansa, Auta a hagunsa. Sau da yawa sukan fita bayan sito su tsaya kusa da juna suna magana ƙasa-ƙasa. Yana hango su ta taga, ransa fari ƙal. Ya je gida ya gaya wa matarsa yaran sun fara shiri. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ya ci abincinsa kafin ya huce.

Bayan gyaran Manaja ta kulle shafin, ba ƙarin layi, ba ƙarin gida. Ja ya shiga raguwa kamar ruwa a tulu mai huji. Ɗari, hamsin, goma sha biyu. Aka gama da kayan sayarwa aka koma kan na shagon kansa, waɗanda Manaja ta jera a ƙasan shafin da hannunta.

Ranar ƙarshe Baba Sito ya zo da riga da wando masu guga, ya sa turare, jawabinsa yana nan daram a kansa. Sikeli ya tafi wajen Auta bayan awa guda ana musu. Fanka ta tafi wajen Manaja, aka hau aka kwance ta nan take don kada wani ya canza ra'ayi. Tsani mai hawa takwas aka sa masa zarto, kowa ya samu huɗu, ba wanda nasa zai kai kanta ta sama. Agogon bango na Auta, ƙusar da ke riƙe da shi ta Manaja. Baba yana bugawa, jajayen gidaje suna yin fari ɗaya bayan ɗaya, har ya rage layi ɗaya a can ƙasa. A gidan suna an rubuta Baba Sito. Gidan kaka ja ne.

Manaja ta gyara murya. "Saura Baba."

Ya ja numfashi, ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa ta dama.

"Auta, ka ɗauke shi," in ji ta. "Kayanka ne masu nauyi, kai ka fi buƙatar mai sito."

"Haba Yaya! Ina ni ina shiga gabanki? Ke ce babba, kuma ke kika fi sabawa da shi."

"Na bar maka, da zuciya ɗaya."

"Wallahi ba zan karɓa ba, kunya ma ba za ta bar ni ba."

"Ni gefena ko sito ba zan yi ba, a kanta zan jera komai. Zama kawai zai yi, ka san Baba ba ya son zama."

"To ni ma ai yanzu kwamfuta ta san inda komai yake," in ji Auta. Maganar ta riga ta fita kafin ya ji ta, sai ya sunkuyar da kai yana sosa gemu.

Hannun Baba Sito yana nan a sama, bai kai kafaɗa ba, bai koma ƙasa ba. A duk watannin nan bai taɓa jin sun yi wa juna magana mai taushi haka ba. Ga ladabi, ga kara, kowa yana fifita ɗan'uwansa. Abin da ya yi ta roƙo ke nan safe da yamma, a gan su sun shirya, kuma ga shi sun shirya. Ya gane abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa a bayan sito. Abin ya soke shi har cikin ƙashi, ya ji zafin da bai ji ba ko ranar da aka fitar da gawar Mai Shago.

Ba wanda ya kalle shi. Manaja tana kallon ramin da fanka ta bari a rufi, Auta yana kallon takalminsa. Ya jira ko wani zai ce wasa ne. Ya ba su lokaci mai yawa, don shi ba mutum ne mai gaggawa ba. Daga nan ya sauke hannun a kan kwamfutar, ya kai kibiya kan lambar layin, ya haskaka shi daga farko har ƙarshe, ya danna gogewa. Kwamfutar da ta yi wata biyar tana yi masa tsawa a kan kowane ƙaramin abu ba ta ce masa komai ba.

"Babu sauran ja," ya ce, da muryarsa ta kullum.

Auta ya yi wuf ya fita kiran birkila, kamar wanda aka buɗe wa ƙofa. Manaja ta kara waya a kunne tun ba ta yi ƙara ba. Birkila ya miƙe daga kan bulo, gwiwoyinsa suka yi ƙas-ƙas, ya shigo da zare da alli zai ja layin katanga daga bakin ƙofa har cikin sito. Ya ɗaure gefe ɗaya, ya waiga yana neman mai riƙe masa ɗayan, bai ga kowa ba sai mutum ɗaya.

"Baba, don Allah riƙe min nan."

Baba Sito ya durƙusa da wandonsa mai guga a kan ƙurar sito, ya danne bakin zaren da babban yatsa. Birkila ya koma can ƙarshe ya ja zaren ya yi tsam.

"Ya miƙe?"

Baba Sito ya rufe ido ɗaya ya duba.

"Ɗan matsa hagu," ya ce. "Ka shiga gefen Auta da yatsa biyu."